Cokali Biyu da Zumar Inna

Litinin, 1 ga Satumba

Likita ce ta ce in riƙa rubutawa. Ranar da ciwon ya zo, ƙarfe nawa, me na ci, awa nawa na yi barci. Wai ta haka za mu gano abin da ke tayar da shi. "Za mu." Sai ka ce tare muke kwanciya a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tsumma a goshi.

To ga shi na rubuta: jiya ya zo. Ɓarin hagu, bayan ido, da ƴan walƙiyar nan masu kama da haƙoran zarto kafin ya sauka. Amai sau biyu. Shekara ashirin ina fama da ciwon ɓarin kai, shekara goma sha ɗaya ina karanta labaran ƙarfe takwas na safe a gidan rediyo, ban taɓa bari ɗaya ya shiga hurumin ɗaya ba. Bana ne ya raina ni, ya koma zuwa sau uku a mako.

Ta raba ni da maganin ciwon kai na kanti da nake sha kusan kullum. Wai shi kansa idan ya yi yawa ciwon kai yake haifarwa. Yanzu aka ga damar gaya min! Ta rubuta guda biyu. Ɗaya ƴar ƙwaya ce mai narkewa a harshe, ta tsayar da ciwon da zarar ya fara, kuma kada in wuce kwana biyu a mako. Ɗayan kafso ne na rigakafi, guda ɗaya kullum da safe, ko da ciwo ko babu. Sai ya yi wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a ga aikinsa.

Ban gaya mata ba na iya haɗiyar magani ba. Mace mai shekara arba'in da uku, ina zan fara.

Talata, 2 ga Satumba

Inna ta ga kwalin kafso a kan tebur, fuskarta ta washe kamar an kawo mata jika. Tun shida da rabi ta wanke cokulanta biyu, ta zare hular kafson da farce, ta zazzage ƴan ƙwayoyin ciki, farare ƙanana kamar gero, ta ɗora cokali a kan cokali ta murƙushe su har suka zama gari. Ta ɗiga zuma. "Buɗe baki, Auta."

Auta. Da furfurata.

Ina da shekara shida ƙwayar zazzaɓi ta maƙale min a maƙogwaro, aka ce har idona ya juye, Inna ta kife ni a cinya tana dukan bayana har ta faɗo. Ni abin da na tuna ƙafafun kujera ne kawai da ihunta. Daga ranar ba a sake haɗiyar magani a gidanmu ba, niƙa shi ake yi. Baba ma har ya rasu a cokali yake sha. Yanzu idonta ya yi rauni, ba ta girki, ba ta ɗinki, amma cokulan nan ko a duhu ba ta kuskure su.

Ɗaci kamar me. Zumar ma ta kasa.

Alhamis, 4 ga Satumba

Jiri ana saura minti biyar in shiga. Hannuna sanyi ƙalau, zuciyata tana tafiya a hankali kamar ta gaji da ni. Na karanta, amma da gwiwar hannu na tokare tebur. Da yamma kuma ciwon ya zo abinsa. Wannan shi ne rigakafin.

Litinin, 8 ga Satumba

Ya zo. Jirin ma ya zo. Yanzu baƙi biyu gare ni.

Laraba, 10 ga Satumba

Daƙiƙa tara. Shugaban sashe ne ya ƙirga, wanda muke kira Agogo a bayan idonsa saboda ko gaisuwa kake yi masa wuyan hannunsa yake kallo. Ina tsakiyar labari na uku, jar fitila a kunne, sai ɗakin ya karkata. Gumi mai sanyi ya keto min, takardar ta yi nisa. Na buɗe baki babu abin da ya fito. Ina jin numfashina a abin kunne, ina sane duk gari na jin sa.

Da na fito yana tsaye a ƙofa. "Malama, tara fa. Shiru na daƙiƙa tara a rediyo mutuwa ce." Na ce sabon magani ne. Ya ce kowa na ciwon kai, shi ma jiya ya yi.

Jiya ya yi! Na so in aro masa nawa na awa ɗaya tak, in tsaya ina kallon agogo.

Inna ta ji a gida, don ba ta taɓa fashin labaran takwas ba, rediyon a kan cinya. Ta ce ta zaci batir ne. Ƙarya take, na ga idonta.

Asabar, 13 ga Satumba

Masu ba da shawara sun yi min yawa. Ki daina shayi. Ki ƙara shayi. Ki rage tunani. Matar maƙwabci ta ce rashin aure ne, ita da mijinta ke sa ta kuka duk sati. Babu wanda ya taɓa tambayar yadda abin yake. Ba wanda ya san ƙarar cokali a kofi tana iya sa mutum ya tsani duniya.

Ba na son kowa yau.

Laraba, 17 ga Satumba

Ya faru, kuma ya fi na farko muni. Ban faɗi ƙasa ba, amma kaina ya sauka a kan takardu, makirfo ya ɗauki ƙarar. Yarinyar nan da aka ɗauka bara, wadda ƴan ofis ke kira Sikari saboda muryarta, ita ta shigo da gudu ta zare takardun daga ƙarƙashin kumatuna ta ƙarasa. Ko tuntuɓe ɗaya ba ta yi ba. Daga baya ta kawo min ruwa tana "Sannu Anti, sannu Anti." Da ta yi min dariya da ya fi min sauƙi.

Agogo ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, gara ma da ya ɗaga. Ya ce zai duba lamarina zuwa ƙarshen Oktoba. Idan abin bai daidaita ba, kujerar takwas ta tashi daga hannuna, in koma ɗakin ajiya ina jera tsofaffin shirye-shirye. "Can babu jar fitila, za ki huta."

Na san ɗakin. Babu taga. Nan ake kai wanda ake jin nauyin kora.

Shekara goma sha ɗaya. Mutane suna daidaita agogonsu da sallamata. Ba ni da miji, ba ni da ɗa, ba ni da wani abu da za a nuna a ce nawa ne sai minti goma sha biyar ɗin nan, kuma su ake so a karɓe.

Juma'a, 19 ga Satumba

Wurin likita da la'asar. Ta auna jinina, ta ƙirga bugun zuciya, ta ce duk lafiya lau. To da la'asar ai lafiya lau nake, da safe nake mutuwa. Ta ce wasu suna jin jiri a farko, jiki zai saba, idan ya ci gaba za ta rage ƙarfinsa. "Kina sha kullum?" Kullum. "Da safe?" Da safe. Ta duba wannan littafin, shafin ranaku kawai na nuna mata, ta ce in ƙara haƙuri.

Haƙuri dai ba ya cikin abin da ake sayarwa a kantin magani, da na sayo kwali.

Talata, 23 ga Satumba

Inna ta ƙara zuma, wai ko ɗacin ne ke tayar min da jiri. Na yi mata tsawa a kan ƙarar cokali. Ta ci gaba da niƙawa a hankali, a hankali, kamar ɓarauniya a gidanta.

Juma'a, 26 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na je karɓo sabon kwali. Mai kantin magani, wata mata mai tabarau a kan karan hanci, tana ɗaure leda na ce, cikin gatse, ba su da wanda bai kai wannan ɗaci ba? Ta tsaya. "Ɗaci kuma? Kafso ai ba ya ɗaci, Malama. Ko taunawa kike yi?" Na ce a'a, niƙawa ake yi. Ta cire tabarau ta ajiye.

Ta shimfiɗa farar takarda, ta buɗe guda ɗaya a gabana. Ta ce ɓawon nan na waje aikinsa ya kai maganin ciki ba tare da harshe ya san an wuce ba, can yake narkewa. Su kuma ƴan ƙwayoyin, kowace da rigarta, kuma rigar ce ke tsare maganin yana fita kaɗan-kaɗan, daga safe har wata safiyar. Shi ya sa guda ɗaya ke isa yini da kwana. "Idan kika murƙushe su, kin yaga rigunan. Maganin awa ashirin da huɗu ya afka miki a lokaci guda. Bayan awa ɗaya ko biyu jini ya sauka, zuciya ta lafa, ki ji kamar za ki faɗi. Zuwa yamma kuma ya fara janyewa, kanki babu mai gadi." Ta tambayi ƙarfe nawa nake sha. Shida da rabi. Ƙarfe nawa jirin ke zuwa?

Takwas. Kullum takwas.

Ta ce ba kowane kafso ba ne haka, akwai wanda ake iya buɗewa, amma sai an tambaya. Ta zaro takardar cikin kwalin ta ɗora yatsa a kan layi: a haɗiye shi ɗungurungum, kada a tauna, kada a niƙa. Ni da nake cin abinci da karatu. Ni da nake gyara wa editoci waƙafi. Kwana ashirin da biyar takardar nan tana cikin kwandon shara.

Ta ce kada in kuskura in daina shi kwatsam, kuma in sanar da likita yau. Idan haɗiyar ta gagara akwai wani iri da za a canja min. Amma in gwada tukuna: kafso ba ya nutsewa, yawo yake a saman ruwa, don haka kada in ɗaga kai sama. In sa shi a harshe, in kurɓi ruwa, in sunkuyar da haɓa wajen ƙirji, in haɗiye.

Na dawo gida a cike. Inna na zaune tana goge cokulan da gefen zane. Na faɗa mata. Ban faɗa da kyau ba. Na ce guba take ba ni kullum da zuma. Na ce ta mai da ni jaririya shekara talatin da bakwai don ta samu abin yi. Na ce idan aka raba ni da aikina, cokalinta ne. Ta dube ni da idon nan da ba ya gani sosai, ta ce, "Na ɗauka taimako nake." Shi ke nan abin da ta ce.

Gaskiya na faɗa. Ba zan goge ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Ni kaɗai a kicin, na rufe ƙofa. Kafso na farko ya jiƙe a bakina ya manne a ganɗa, na tofar. Na biyu na ɗaga kai duk da abin da aka gaya min, na ƙware, ruwa ta hanci. Maƙogwarona ya rufe kamar an ja zare, na ga ƙafafun kujerar nan ƙiri-ƙiri. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na zagi likita, na zagi Agogo, na zagi wanda ya ƙirƙiro kafso.

Na uku na sunkuya. Ya wuce. Ban ma ji wucewarsa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Shekara talatin da bakwai a kan abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Likita a waya: "Ai da kin faɗa." Ai da kin tambaya.

Inna ta naɗe cokulan a tsumma ta tura ƙasan akwatinta. Zumar tana kan kantar kicin, ba mai taɓawa. Muna gaisawa, ina kwana, lafiya lau. Rediyon ma ya bar cinyarta, yana kan taga da ƙyalle a rufe.

Laraba, 8 ga Oktoba

Babu jiri. Kwana goma sha biyu. Na karanta labarai tas, har Agogo ya ɗaga kai daga wuyan hannunsa sau ɗaya. Ya kamata in yi murna. Ina jin kamar wadda ta ci shari'a a kan uwarta.

Talata, 14 ga Oktoba

Na gano wani abu. Kullum idan na shiga kicin da kofi na rufe ƙofa, akwai inuwar ƙafa biyu a ƙasan ƙofar. Ba ta motsi. Sai ta ji na ajiye kofi na yi gyaran murya, sannan silifas ya ja baya a hankali. Yau na buɗe da sauri, na same ta da tafin hannu a buɗe, a ɗage, daidai tsayin bayana. Ta mai da shi kan bango, wai ƙadangare ta gani.

Ba ni da lokacin wannan.

Talata, 21 ga Oktoba

Ya zo jiya da rana, karo na uku kacal a watan nan. Ina ganin walƙiyar na sa ƙwayar a harshe, na kwanta awa ɗaya, ya janye bai kai ga amai ba. A Satumba kwana goma sha uku na ƙirga. Ashe maganin na aiki. Ashe tun farko yana son ya yi aiki.

Ina kwance na ji an ɗora jiƙaƙƙen tsumma a goshina. Na yi kamar ina barci.

Alhamis, 30 ga Oktoba

An karɓe kujerar.

Wata guda cur ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba, na kai wa Agogo takardar likita, na yi masa bayanin rigunan ƙwayoyi kamar ƴar makaranta. Ya saurara, ko ya yi kamar ya saurara. Ya ce ya yi farin ciki da na samu sauƙi, amma na sama sun riga sun ji abin da ya faru ranar sha bakwai, kuma masu sauraro sun karɓi muryar Sikari. Daga Litinin takwas tata ce. Ni ɗakin ajiya, da sanarwar ƙarfe biyu ranar Talata da Alhamis, "don kada a rasa muryarki gaba ɗaya." Sanarwar ɓatan takardu da ɗaukewar ruwan famfo.

Tun ranar sha bakwai aka yanke. Watan nan duk wasa aka yi da ni.

Sikari ta tare ni a matakala idonta jawur, wai ba ita ta nema ba. Na san ba ita ta nema ba. Na ce ta riƙa shan ruwa kafin labari na uku, nan murya ke bushewa. Ban san me ya sa na gaya mata ba.

A mota na shirya maganganun da zan yi wa Inna. Na jera su tsaf, ɗaya bayan ɗaya, kamar kanun labarai.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ban yi su ba jiya. Kaina ne ya ɗan yi nauyi.

Na karanta na ƙarshe. Na yi sallama kamar kullum, ba wanda ya san komai. Minti goma sha biyar daidai, ko daƙiƙa ban ƙara masa ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ban fita da wuri ba, ɗakin ajiya ba ya gudu. Ƙarfe takwas saura na ji rediyo daga ɗakin Inna, ƙasa-ƙasa. Ashe duk watan nan tana ji, cusa shi take ƙarƙashin filo. Muryar Sikari ta fito. Aka kashe. Ta leƙo ta gan ni zaune da rigar barci.

Daga bakin ƙofa ta ce, "Auta, cokalina ne?"

Na ce a'a. Na ce tsari aka canja tun kafin in fara maganin, kowa an motsa shi, ni ma an ba ni ƙarfe biyu, lokacin da mutane suka fi zama su saurara. Muryata ba ta yi rawa ba, aikina ke nan. Ba na jin ta yarda. Ta ce to Talata ƙarfe biyu, ta maimaita sau biyu don kada ta manta.

Na ɗauko kafson yau, har na makara da shi. Ban rufe ƙofar kicin ba, zafi ake yi. Ta tsaya a bayana, ina jin ɗumin tafin hannunta bai taɓa ni ba. Na sunkuya, ya wuce. Sai na ɓata fuska na ce wannan sabon kwalin yana barin ɗaci a baki.

Na ji an jawo akwati, na ji ƙarar tsumma ana warwarewa. Cokali ɗaya ta kawo, ta bar ɗayan. Zumar ta ɗiga a haɓata, ta share da yatsa.

Don littafin likita: babu ciwo, babu jiri, barci awa bakwai. Kafso ɗaya, a haɗiye. Zuma cokali ɗaya, wannan ba sai na nuna mata ba.